RA'AYI: Wanda ya gudu da wanda aka ɗauke wa wuta: Yadda ya dace a hukunta masu watsar da abokan wasa a intanet

A watan Nuwamba na 2024, kamfanin Blizzard na ƙasar Amurka ya sanar da dakatar da wasu masu buga wasansa mai suna World of Warcraft. Laifin da aka kama su da shi shi ne sun mayar da ficewa a tsakiyar wasa ɗabi'a: su shiga tawaga da mutum huɗu, a fara aiki, sannan su kama gabansu da gangan. Ga wanda bai san harkar ba, abin zai yi kama da wasan yara. Sai dai a ƙarƙashinsa akwai tsohuwar tambayar da kowace al'umma ta sani, wato me ya dace a yi wa mutumin da aka dogara da shi ya janye jiki, kuma ta yaya za a bambanta shi da wanda lalura ta janye?

Sai an fahimci tsarin wasan kafin a ga girman ɓarnar. Tun 2016 aka shigo da wani sashe mai suna Mythic+, inda mutum biyar ke kutsawa kogon dodanni tare, agogo na bin su. Ɗaya shi ne garkuwa mai tare duka, ɗaya mai jinyar waɗanda aka raunata, sauran ukun kuma masu kai farmaki. Yawanci lokacin da ake ba su bai wuce rabin awa da 'yan mintuna ba. Ba a shiga sai da mabuɗi, kuma mabuɗin na mutum ɗaya ne a cikinsu, wanda ya sha wahala kafin ya kai shi matakin da yake. In sun gama a kan lokaci, darajar mabuɗin ta ƙaru. In sun gaza, ta ragu. Da zarar agogo ya fara tafiya, ba a sauya mutum. Saboda haka idan mai jinya ko garkuwa ya fice, yawanci tafiyar ta mutu ke nan: mutum huɗu sun yi asarar lokacinsu, mai mabuɗi ya yi asarar guminsa. Ko tawagar da ta makara tana samun wani abu in ta daure ta kai ƙarshe, amma wanda ya gudu ya haramta wa kowa har wannan ɗan rabon.

Bahaushe ya san irin wannan mutum tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta. Shi ne ɗan adashin da ke ɗaukar kwasarsa ya daina zubi, shi ne wanda aka yi wa gayya a gonarsa, ranar ta maƙwabci ya ce kansa na ciwo. Alkawari kaya ne, kuma wanda ya danna amincewa da shiga tawaga ya ɗauki alkawarin rabin awar mutum huɗu. Don haka hukunta mai gudu da gangan daidai ne, babu abin tausayi a ciki.

Kamfanoni sun daɗe suna gwada hanyoyi. A sashen World of Warcraft da na'ura ke haɗa tawaga da kanta, wanda ya fice da wuri yakan zauna jiran minti 30 kafin a bar shi ya sake shiga layi. A watan Agusta na 2025 Blizzard ya ƙara wa Mythic+ abubuwa biyu: ƙuri'ar da tawaga za ta kaɗa in ta ga tafiyar ba za ta yiwu ba, kowa ya watse ba tare da laifi ba, da kuma tambarin da ake liƙa wa mai yawan ficewa ba tare da ƙuri'a ba, domin masu neman abokan tafiya su gan shi. Wasan Dota 2 na kamfanin Valve yana tura masu gudu wani layi na daban, inda suke haɗuwa da irinsu, ba su fita sai sun ci wasu wasanni. League of Legends yana tsawaita musu jiran shiga, yana kuma bai wa tawaga damar soke wasa a mintunan farko idan wani bai bayyana ba.

Duk waɗannan dokoki an tsara su ne a ƙasashen da ɗaukewar wuta labari ne na jarida. A nan ne batun ya shafi matashin unguwar Galtimari da ke Maiduguri. World of Warcraft na buƙatar kwamfuta da kuɗin rajista na wata-wata, don haka abin da ya fi yawa a hannun matasan Najeriya shi ne wasannin waya irin su Call of Duty: Mobile da PUBG Mobile da Free Fire. Amma ƙa'idar ɗaya ce: tawaga, ƙayyadadden lokaci, matsayin da ke hawa da sauka, da tara ga wanda ya ɓace. Na'urar da ke yanke hukuncin abu guda take gani, wato wane ya yanke. Ba ta ganin ko fushi ne ya sa ya kashe wayar, ko kuwa batir ne ya mutu, ko sabis ne ya gudu.

Mutanen Maiduguri ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan. A watan Janairun 2021 'yan tayar da ƙayar baya suka fasa turakun babban layin lantarkin da ke zuwa daga Damaturu. An gyara a watan Maris, ba a yi kwanaki ba aka sake fasawa, birnin ya shafe kusan shekara guda cikin duhu. Wannan ne ya kai ga gina tashar lantarki mai amfani da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda aka buɗe a watan Maris na 2023. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, sadarwa ta rikice a ƙasashe da dama har da Najeriya. Ranar 10 ga Satumbar wannan shekarar kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kuma Galtimari na cikin unguwannin da ambaliyar ta shafa. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da na data. Ga kuma nisa: da yawa daga cikin manyan kwamfutocin da ke riƙe da irin waɗannan wasanni suna can Turai ko Gabas ta Tsakiya ko Afirka ta Kudu. Matashin da ke wasa a wannan yanayi zai yanke fiye da takwaransa na Jamus ko Faransa, ko da ya fi shi riƙon amana. Dokar da ta lissafa kowace yankewa a matsayin gudu ta hukunta mutum ne saboda garin da yake zaune.

Kamfanonin na da hujjarsu, kuma hujja ce mai ƙarfi. Idan aka ce duk wanda intanet ɗinsa ya yanke an yafe masa, mai niyyar gudu zai kashe datarsa kawai ya ce sabis ne. Ƙari a kan haka, mutum huɗun da aka bari a kogo asararsu ɗaya ce, ko da gangan aka bar su ko bisa tsautsayi. Wannan gaskiya ce, amma ba ta nuna cewa babu mafita ba. Abin da ta nuna shi ne kada a gina hukunci a kan aukuwa guda.

Abu na farko da ya kamata a duba shi ne ɗabi'a a tsawon lokaci. Mai gudu da gangan yana da alama: yakan ɓace ne daidai lokacin da al'amari ya ɓaci, bayan an kashe tawaga ko agogo ya kusa cika, kuma ba a jima ba sai a gan shi a wani layin yana neman sabuwar tawaga. Wanda wuta ta yanke wa yakan ɓace ko ana cin nasara, kuma yakan yi ta ƙoƙarin dawowa wasan da ya bari. Kamfanin da ke iya ƙirga kowane harsashi da aka harba ba zai kasa ganin wannan bambanci ba.

Na biyu shi ne a bar ƙofar dawowa a buɗe. Dota 2 na bai wa wanda ya yanke kimanin minti biyar kafin a rubuta shi a matsayin wanda ya gudu, kuma abokansa na iya tsayar da wasan su jira shi. Minti biyar sun isa a tayar da janareto, ko a koma wani layin waya. Wanda ya dawo ya ƙarasa bai cancanci tara ba.

Na uku, a samar da hanyar fita ta mutunci. Ƙuri'ar watsewa da Blizzard ya kawo tunani ne mai kyau, domin akwai tafiyar da kowa ya san ta mutu, kuma tsare mutane a cikinta zagi da gaba kawai yake haifarwa. Sai dai a kula kada ƙuri'ar ta zama makami, inda mutum biyu za su ƙi amincewa don su azabtar da sauran, ko wani ya zauna bai fita ba kuma bai taɓuka komai ba don ya tilasta a sallame shi. Irin wannan ya fi mai gudu sharri, kuma shi ma doka ta hau kansa.

Na huɗu, a tuna da wanda aka cuta. Dakatar da mai laifi ba ya mayar wa mai mabuɗi darajar mabuɗinsa. Idan na'ura ta tabbatar wani ne ya watsar da tawaga, adalci shi ne a rage wa sauran asara. Tambarin kunya kuma ya zama mai gogewa bayan mutum ya kammala wasu wasanni lafiya, domin hukuncin da ba shi da ƙarshe sabon asusu kawai yake sa mutane buɗewa.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rashin wuta uzuri ne na gaskiya, amma wanda ya san halin garinsa ya kuma shiga wasan rabin awa da batir kashi 10 cikin 100 ya yi ganganci da lokacin mutane. Haka wanda ya ga saura minti goma a kira Magariba, ko ya san Mama na gab da aikensa kasuwa, ya danna shiga. Lokutan salla sanannu ne, ragowar data ana iya dubawa, caji ana iya yi a shago kafin a zauna. Wasannin da ba na neman matsayi ba suna nan ga ranar da sabis ke rawa. Idan kuma tsautsayi ya faɗa, saƙo ɗaya na ban haƙuri ga abokan tafiya yana gyara abin da na'ura ba za ta gyara ba.

Wannan ne ma ya sa tawagar da aka sani ta fi ta baƙi. Matasa biyar na unguwa ɗaya, ko abokan karatu a Jami'ar Maiduguri, sun san wanda layinsu ba wuta yau, sun kuma san wanda ya saba zamewa in an fara shan kashi. Za su jira na farko, su daina gayyatar na biyu, kamar yadda uwar adashi ke yi. Kamfanonin da ke son kasuwar Afirka, wadda matasanta ke ƙaruwa kullum, ya kamata su koyar da na'urorinsu wannan bambanci kafin su ƙara tsananta tara.