Waiwaye: Furen da Ba Wanda Ya Shuka

Ba a daɗe da Turawa suka ci Yola a 1901 ba, aka turo wani likita ɗan Birtaniya, John Dalziel, ya yi aiki a lardin. Duba marasa lafiya aka ɗauke shi yi, amma ransa na wajen tsirrai. Yakan tsinko reshe da ganye da fure, ya tambayi sunansa da amfaninsa, ya busar ya aika lambun Kew da ke Landan. A 1910 ya wallafa bayani kan tsirran lardin Yola, a 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Sunayen da ya tara daga bakin kakanninmu suka fito: manoma, makiyaya, mafarauta da masu magani. A lokacin, yaron da ke kiwo ma ya san ganyen da zai kore awakinsa daga gare shi.

Yau kuwa fa? Da damina ta zauna, a unguwannin Yola irin su Dougirei ko Karewa, sai wani tsiro ya ɓullo a gindin katanga, galibi inda aka zuba takin shanu. Ganyensa faffaɗa, furensa fari dogo mai siffar kakaki, yana buɗewa da yamma yana ƙamshi. Uwargida ta ga kyau, ta shiga ba shi ruwa. Sai ya fitar da 'ya'ya ƙulu-ƙulu masu ƙaya, cike da iri. Wannan shi ne zaƙami, wanda wasu ke kira haukata-yaro, masana kuma Datura. Tun daga saiwa har iri yana ɗauke da sinadaran atropine da scopolamine. Yaron da ya tauna 'ya'yansa bakinsa zai bushe, ƙwayar idonsa ta buɗe, zuciyarsa ta yi ta harbawa, ya kama sambatu, wani lokaci ma a rasa shi.

Haka ƙariya, mai kumburarren gindi da fure ja-ja, wadda ake jerawa cikin tukwane a ƙofar gida. Ruwan jikinta dafi ne, har mafarauta sun yi amfani da shi wajen dafe kibiya. Kyanta gaskiya ne, haɗarinta ma gaskiya ne.

Ba cewa nake a tumɓuke duk baƙon tsiro ba, domin tafasa da lalo ma da kansu suke fitowa, kuma su ne miyarmu. Roƙona shi ne kada tsiro ya girma a gidanka ba ka san sunansa ba. Duba ganyen, ƙirga kunnuwan furen, jira ka ga 'ya'yan, lura ko yana fitar da farin ruwa in an karya shi, sannan ka wanke hannu. Manhajar waya za ta ba ka hasashe, amma takan rikita tsirrai masu kama da juna. Saboda haka yanki reshe guda mai fure, ka kai wa dattijuwar unguwa, ko masu sayar da saiwoyi a kasuwar Jimeta, ko malaman ilimin tsirrai a Jami'ar Modibbo Adama. Matambayi ba ya ɓata.

Idan ka samu sunan, ka koya wa yaranka shi da Hausa da Fulatanci, tare da amfaninsa da illarsa, domin su ne ke wasa a gindin katangar nan.