A Duba Gaɓa Kafin a Aza Tubali

A Ingila, wanda ya yi nufin gini a bakin rafi, sai masana sun bi gaɓa suna neman ramin ɓeran ruwa da kashinsa, domin doka ta hana a rushe masa gida. Mai ji ya yi dariya. Alhali kuwa Nijeriya ma Doka ta 86 ta 1992 ta wajabta bincike kafin babban aiki, sai dai fulotin talaka ba ya cikin lissafi. Da rani ake auna shi, sa'ad da kogi ya koma yashi. Ambaliyar 2022 ta nuna wa Jigawa iyakar ruwa. Daga Unguwar Ya har Gwaram, wajibi ne dagatai su taka gaɓa cikin Agusta, su tambayi masunta, kana su sa hannu.