Yammacin Lahadi a bakin Binuwai

Wannan abin da ake kira hutun ƙarshen mako ba namu ba ne, na ma'aikatan gwamnati ne. Su ne ke kulle ofis ran Juma'a su ce sai Litinin. Ɗan kasuwa kuwa, ranar da wasu ke hutawa ita ce ranar da yake sa ran ciniki, don a ranar mai albashi ke samun sukunin shigowa kasuwa. Balle wanda ya baro garinsu ya tsallako iyaka. Shi kullum lissafinsa ɗaya ne: nema na zo yi, ba yawo ba. Da wannan lissafin za ka ga mutum ya shekara goma sha biyar a gari, ya san kowane lungu na kasuwa, ya san tashar mota da ofishin kwastan, amma bai taɓa zama na awa ɗaya a bakin kogin da ke gefen garin ba. Iyalinsa kuwa ba a magana.

Yau labarin wasu mata da miji zan ba ku, mazauna Garwa, babban birnin yankin Arewa na Kamaru. Ba su so a ambaci sunansu, saboda haka mu kira su Alhaji da Hajiya. Wanda ya gane su ya kama bakinsa. Alhaji atamfa da shadda yake sayarwa. Kowace Lahadi, da ya sallame La'asar, sai ya miƙa wa yaron shago makulli, ya koma gida, ya ɗauki Hajiya a babur su nufi bakin Binuwai, wajen gada. Kafin kiran Magariba sun dawo. Awa biyu ke nan, wani lokacin ma ba ta cika ba.

Ba fim suka kalla suka kwaikwaya ba. Wata rana ce ƙanwar Hajiya ta bugo waya daga gida, cikin hira ta ce, "Yaya, wai da gaske akwai dorina a kogin garinku?" Hajiya ta ce ita ma ji take yi. A lokacin shekararta shida a Garwa. Alhaji yana gefe yana cin abinci, ya ɗago kai ya ce, "Haba Hajiya, kogin da ke nan bayanmu?" Ta ce, "Alhaji, ni fa a garin nan hanya uku na sani: ta asibiti, ta gidan suna, da ta gidan gaisuwar mutuwa." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ya ce da ma da faɗa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Ina so maza su tsaya a kan wannan magana. A gida, ko mace ba ta fita ko'ina, duniya ce ke shigowa wurinta. Ga uwa, ga 'yan'uwa, ga facaloli, ga ƙawayen da aka yi makarantar allo tare, yau biki gobe suna. Ana cewa zumunci a ƙafa yake. To wadda aka kawo gidan haya a wata ƙasa, maƙwabtanta suna Fulatanci da Faransanci, ƙafar ina za ta kai ta? Garwa ma da ke da Hausawa tun kaka da kakanni, baƙuwa dai baƙuwa ce, sai ta daɗe kafin ta sami wadda za ta buɗe wa ciki. Kai maigida kana ganin fuska ɗari a yini, ka yi raha, ka yi musu, ka ji labarin canji da na iyaka. Ita bango huɗu take gani da yara. Danginta da ka raba ta da su, kai ne a madadinsu, ko ka sani ko ba ka sani ba. Buhun shinkafa da kuɗin cefane ba sa biyan wannan bashin.

Me suke yi a can? Kusan ba komai, kuma abin da ya yi mini daɗi ke nan. Hajiya kan zuba shayi a fulas, ta ƙulla gyaɗa, ta naɗe 'yar tabarma. Da rani ruwan kan janye ya bar rairayi fari fat, sai wurin ya zama kamar wata kasuwa ta daban: masu wanki sun baza kaya a kan yashi, masu ɗibar yashi suna loda wa mota, makiyaya sun gangaro da shanu, masunta suna jan kwale-kwale. A tsallake ga gonakin albasa da masara, can nesa ga masakwa a fadama. Wanda ya san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da awon zafi ke wuce 40, ya san darajar iskar da ke tasowa daga ruwan nan da yamma. In akwai hali su sayi gasasshen kifi, karfasa ko yankan giwan ruwa. In babu, shayin ya isa. Dorinar kuwa ta gan ta tun a fita ta biyu: kunnuwa biyu da hanci a saman ruwa, sai kuma wata irin hamma da ta sa Hajiya salati. A daren ta kira ƙanwarta.

Daga nan ana hango tsohuwar tashar jiragen ruwa, kuma Alhaji ba ya gajiya da ba da labarinta, yadda ya ji daga tsofaffin kasuwa. A zamanin Turawa jirage kan taso tun daga Burutu a bakin teku, su biyo Kwara zuwa Lakwaja, su shigo Binuwai su wuce Makurɗi da Yola har su iso Garwa. Makonni kaɗan ne a shekara ruwan ke isa ya ɗauki jirgi, wajen Agusta da Satumba, saboda haka a ɗan wannan tsakanin ake sauke gishiri da siminti da mai, a loda auduga da gyaɗa, ana sauri kada ruwa ya janye ya bar jirgi a kan yashi. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya katse hanyar, jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, manyan motoci suka karɓe dakon. Hajiya ta ce ta ji labarin ya fi sau ashirin. Abin da ya tsaya mata a rai ɗaya ne: ashe ruwan nan Nijeriya za shi. Tun daga ranar, in za su tashi sai ta dubi kogin ta ce, "A gaida mutan gida."

To, ba a rasa masu magana ba. A majalisa an ce Alhaji ya zama mijin-ta-ce. An ce ya koma Bature. Wani ma ya ja shi gefe ya yi masa nasiha, wai mai nema ba ya barin shago da rana tsaka. Amsar da ya ba su har yanzu ana maimaita ta a layin masu atamfa. Ya ce, "A watan Janairun 2022, da aka kawo gasar cin kofin Afirka filin Rumde Ajiya, ranar da Nijeriya ta ci Masar ɗaya da nema, wa ya buɗe shago a cikinku? Ranar da Tunisiya ta kore mu ma kun rufe, kuka dawo da hawan jini. Ku kun rufe don ƙattai ashirin da biyu, ni na bar yaro a ciki don uwar 'ya'yana." Aka yi dariya, maganar ta mutu, ko da yake ba a bakin kowa ba.

Ni ma ban ce babu asara ba. Yammacin Lahadi ana ciniki, kuma yaron shago ba ya iya riƙe babban mai saye kamar maigida. Wani makon turmi biyu ko uku za su wuce ka. Amma a lissafa da gaskiya: awowin da muke kashewa a majalisa da teburin mai shayi a mako guda sun ninka waɗannan sau nawa? Masu kawo hujjar addini kuma su yi a hankali. Mace ce cikin hijabinta, tare da mijinta, da rana, a wurin da jama'a ke kai da kawowa. Duk wanda ya zauna gaban malamai ya ji cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha a halin tafiya, ta tsere masa, daga baya suka sake ya tsere mata. Kunyarmu ta Hausawa ce ke hana mu jerawa da iyali, a kira ta da sunanta, kada a jingina wa addini.

Babban abin da fitar nan ta haifar, ba iska ba ce, ba kifi ba ne. Magana ce. A gida ba a magana, ana dai isar da saƙo: gawayi ya ƙare, an koro yaro kuɗin makaranta, mai gidan haya ya aiko. Maigida ya dawo a gajiye, waya na ƙara, yara na tsalle. A bakin ruwa kuwa babu abin yi sai a dubi ruwa, in an gaji a dubi juna. A nan Hajiya ta fara sanin wa Alhaji ke bi bashi, wa ke binsa, kayan wa ke hannunsa na amana, ina takardar filin da ya saya a gida take. Mu da muke zaune a ƙasashen mutane mun sha ganin abin da ke faruwa in ta Allah ta kasance ba zato: a bar mace da marayu, ba ta san ko sisin mijinta ba, masu bin bashi su yi layi, waɗanda ake bi su yi ɓatan dabo. Bara waccan Alhaji ya kwanta mako uku da taifot. Daga bakin gadon asibiti Hajiya ce ke gaya wa yaron shago wa za a tuntuɓa, wa za a ɗaga wa ƙafa, wa kuma kada a ƙara ba shi ko yadi ɗaya.

Shi ma ya ji nasa. A bakin kogin ya ji cewa babban ɗansu ya yi wata biyu yana zille wa Islamiyya, kuma 'yar autarsu in aka yi mata Hausa da Fulatanci take amsawa. A nan suka yi ta ja-in-ja kan ko a mai da babbar 'yarsu gida ta yi sakandare ko ta ci gaba da ta Faransanci. Ba kullum ake dawowa ana dariya ba. Hajiya ta ce akwai Lahadin da suka hau babur ba mai ce wa wani uffan har ƙofar gida. Amma dai an yi faɗan inda yara ba su ji ba, maƙwabta ba su ji ba.

Sau ɗaya a wata sukan tafi da yaran, wani lokaci gidan namun daji na cikin gari. Sun taɓa gwada kasuwar Lahadi ta Pitowa, Hajiya ta ce ba za ta ƙara ba: ko minti goma ba a yi ba Alhaji ya manta da ita, yana can yana taya kaya. Sau biyu kuma sun ɗauki mota zuwa Lagdo, inda 'yan Sin suka gina madatsar ruwan da aka kammala a 1982, suka yini suna kallon tafkin da duwatsunsa. Tafiyar Lagdo ce ta tono wani abu da ya kamata in faɗa da babbar murya. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, baƙo sai da katin zama, kuma da an fita gari akwai shingen jandarma. Maza da yawa suna sabunta nasu katin don suna bin hanya, su bar na matan ya mutu, ko ma ba a taɓa yi ba, wai ai ba ta zuwa ko'ina. Daga baya kuma a ce ba za ta je ko'ina ba don ba ta da takarda. Alhaji sai da ya gyara wannan tukuna.

Wanda zai gwada, ya san kogi ba abokin wasa ba ne. Dorina daga nesa ake kallonta, musamman mai ɗa, kuma gudunta a tudu ya fi yadda jikinta ya nuna. Kada a shiga kwale-kwalen da aka cika maƙil don a ɗauki hoto. Kada a bar yara su yi wanka a ruwan da ya kwanta a gefe, nan ake kwasar tsargiya. Da damina ruwan kan haɗiye rairayin gaba ɗaya, in kuma aka buɗe ƙofofin Lagdo yakan ƙaru da sauri. Wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022 ba ya buƙatar bayani. A irin wannan lokacin su Alhaji daga tudu suke zama. A kuma tashi kafin sauro ya karɓi wurin.

Mai mata biyu zai ce, ni fa? Kai ma ka san amsar, yadda ake raba kwana haka ake raba Lahadi, in kuma ba za ka iya adalci ba kada ka fara, don fitar da za ta kawo gaba a gida gara zaman shago. Na Kusuri da Njamena kuna da Logon da Shari, na Yamai da Gaya da Malanbil kuna da Kwara, na Yeji ga tafkin Bolta a gabanku. Ba sai an zo Garwa ba.

Masu tsegumin majalisa dai har yanzu ba a ga ko ɗaya a bakin gada da iyalinsa ba, ko da yake an ce akwai wanda ke zagayawa ta wata hanyar don kada a gan shi. Yaron shagon Alhaji kuwa ya yi aure bayan Sallar layya, kuma ya riga ya aiko a roƙa masa yammacin Asabar.