Kwamitin da ke tsara layukan wuta na Afirka ta Yamma: lokacin sake duba aikinsa ya yi

Duk sanda aka ɗauke wuta a Maraɗi, Damagaram ko Tawa, hankalin kowa kan NIGELEC yake komawa, tunda ita ce muka sani, ita ke kawo mana takardar biya ƙarshen wata. Amma shawarar inda babban layi zai bi, daga wace ƙasa zai taso, wane gari zai fara samu, wane zai jira shekara goma, ana yanke ta ne tun da wuri, a wani teburi da akasarinmu ba mu taɓa jin sunansa ba. Kan wannan teburi muke son mu yi magana yau, domin a ganinmu aikin da aka ba shi ya tsufa, ya kamata a sake duba shi tun daga tushe.

A watan Disamban 1999 ne shugabannin CEDEAO suka kafa tsarin musayar wutar lantarki na Afirka ta Yamma, wanda masu Faransanci ke kira EEEOA, masu Ingilishi kuma WAPP. A nan Yamai aka amince da dokokin tafiyar da shi a Janairun 2006, cibiyarsa kuma tana Kwatano. Kamfanonin wuta na ƙasashen yankin, har da NIGELEC, su ne membobinsa. A cikinsa akwai kwamitin da aka ɗora wa tsare-tsaren dogon zango da kula da muhalli. Shi ke bin diddigin babban kundin da ke faɗin tashoshi da layukan da za a gina. Kundin da ake aiki da shi yanzu, na 2019 zuwa 2033, an amince da shi a Disamban 2018, yana ɗauke da manyan ayyuka 75 da aka ƙiyasta kuɗinsu ya kai kimanin dalar Amurka miliyar 36.

Tunanin da aka gina kundin a kansa ba shi da wuyar ganewa. Najeriya na da iskar gas da madatsu irin Kainji, Gini na da ruwa, mu ƙasashen Sahel muna da rana amma muna ƙona man gazuwal mai tsada don samun wuta. To a ja waya tsakanin ƙasashe, mai arha ya sayar wa mai tsada, kowa ya ci riba. Daga nan aka samo layin arewa mai ƙarfin kilovolt 330, wanda zai taso daga Birnin Kebbi ya zo Yamai ya wuce Wagadugu, da reshe zuwa Malanbil a Benin. A Goru Banda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2022. Lissafin ba ƙarya ba ne, wutar da ake sayowa daga Najeriya ta fi ta injin gazuwal sauƙi nesa ba kusa ba. Shi ya sa kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga can take zuwa.

Sai dai injiniyoyi suna da wata ƙa'ida da suke kira N-1. Ma'anarta ita ce a tsara layuka ta yadda in abu ɗaya ya lalace, waya ta tsinke ko taransifoma ta ƙone, sauran za su riƙe gari. Ƙa'idar ta yi tanadin iska, ta yi tanadin tsawa da tsufan kayan aiki. Ba ta yi tanadin ranar da mutum zai sa hannu a takarda ya ce a kashe ba. Wannan ranar kuwa ta zo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, a farkon watan Agusta Najeriya ta yanke wutar. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairun 2024, wutar kuma sai a watan Maris aka ba da umarnin maido ta. Wata bakwai kenan. Kowa na da ra'ayinsa kan juyin mulki, ba shi muke tattaunawa ba. Abin da ba a musu a kai shi ne waɗanda suka biya kuɗin hukuncin: mai walda da ya zauna ba aiki, mai niƙa, tela, matar da ke sayar da ƙanƙara, asibitin da ke ajiye allurar rigakafi a firigo. Babu ɗayansu da aka yi shawara da shi ranar juyin mulki, babu wanda aka tambaya ranar takunkumi.

Kuma ko babu rigimar siyasa, mai sayarwa gidansa yake fara dubawa. A 2021 da Kodibuwa ta shiga ƙarancin wuta, ta rage wadda take tura wa Mali da Burkina Faso. A watan Mayun 2024 hukumar da ke sa ido kan lantarki a Najeriya ta ƙayyade cewa abin da za a fitar waje kada ya wuce kashi 6 cikin 100 na abin da ke kan layinsu. Ba za mu ga laifinsu sosai ba, mutanen Kano da Katsina su ma cikin duhu suke kwana. Amma kundin da bai sa wannan a lissafi ba, lissafinsa bai cika ba.

Mu mutanen tsakiya da gabas muna da ƙarin abin dubawa. Wutar Nijar ba tsintsiya ɗaya ba ce. Yankin kogi, wato Yamai, Dosso da Tilaberi, yana sha ta layin Birnin Kebbi. Maraɗi, Damagaram da Tawa suna rataye ne da layin kilovolt 132 da ke tasowa daga Katsina ya shigo ta Gazawa. Arewa ta dogara da kwal ɗin SONICHAR a Anu Araren, Difa kuma da nata tsarin daban. Ma'ana, ko an ƙara injuna da faifan hasken rana a Goru Banda, ko ranar da madatsar Kandaji ta fara ba da megawat 130 da ake jira, mutumin Tasawa ba zai ga hasken ba muddin babu babban layin da ya haɗa yamma da tsakiya. An daɗe ana maganar layin Zabori zuwa Malbaza saboda wannan giɓin. Kwamitin yanki idonsa yana kan wayar da ke tsallaka iyaka, ita ce tasa. Wadda za ta haɗa jaha da jaha a cikin ƙasa an bar wa kowace gwamnati ta ji da ita. Sakamakon shi ne manyan birane suna haɗuwa da juna, ƴan ƙasa ɗaya kuma suna rarrabe.

Akwai masu cewa tunda Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025, mu tattara namu mu bar teburin gaba ɗaya, mu yi wutarmu da kanmu. Muna fahimtar zafin da ke bayan maganar, kuma gina namu wajibi ne: rana muna da ita, kwal ɗin Salkadamna yana nan kwance a jahar Tawa. Amma tashar wuta ba a gina ta cikin damina ɗaya, kuma Maraɗi ba za ta tashi daga kusa da Katsina ba. Hasali ma, ranar da muka cika Sahel da faifan hasken rana, za mu buƙaci wanda za mu sayar wa rarar tsakar rana, mu sayi tasa da dare. Waya ba ta san fasfo ba. Barin teburin yana nufin wasu su zana taswirar layukan da za su ratsa ƙasarmu ba tare da mu ba.

Don haka ga abin da muke nema a duk wani bitar da za a yi wa aikin kwamitin. An sabunta kundin a 2012, an sake a 2018, lokacin wani ya yi.

Na farko, a sa yankewar wuta daga maƙwabci cikin haɗurran da ake tsarawa a kansu, kamar yadda ake tanadin tsinkewar waya. Kowace ƙasa mai sayowa a fayyace mafi ƙarancin abin da dole ta iya samarwa a gida don asibitoci, famfunan ruwa da kasuwanni.

Na biyu, a rubuta ƙarara cikin yarjejeniyoyin saye da sayarwa cewa wutar farar hula ba ta shiga cikin takunkumi, a kuma ba hukumar sa ido ta yankin da ke Akara ikon hukunta wanda ya saɓa. A nan mu ma da namu nauyi: mai son a riƙe masa alkawari sai ya riƙa biyan bashinsa a kan kari.

Na uku, layukan cikin gida da ke kai wutar yanki ga jama'a, irin na Zabori zuwa Malbaza, a ɗauke su da muhimmanci ɗaya da masu tsallaka iyaka wurin neman kuɗi. A daina auna nasara da tsawon kilomita kaɗai a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta, a faɗa mana gidaje nawa suka samu.

Na huɗu, a buɗe ƙofa. Kwamitin na kamfanoni ne da ƙwararru, kuma muna girmama iliminsu. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙungiyoyin masu amfani da wuta, ƴan kasuwa, da manoman da layin zai bi ta gonakinsu, a saurare su kafin a zana layi, a kuma fitar da taƙaitaccen kundin da Hausa da Zabarmanci a karanta a rediyo.

Na biyar, teburin ya zama na fasaha, kujerar ƙasashen AES tana nan ko shugabanni suna ga maciji da juna.

Ga hukumominmu kuma, tambaya ɗaya ce: wa ke wakiltar Nijar a wannan zama, me yake kaiwa da sunanmu, me yake dawowa da shi? Haƙƙinmu ne mu sani. Babban layi yakan ɗauki shekaru da dama daga takarda zuwa turke, don haka abin da aka zana bana shi yaran da ke lakkwal yau za su tarar ranar da suka buɗe shagunansu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku yaɗa wannan rubutu, ku kai tambayar gidajen rediyo da majalisun garuruwanku, kada mu jira sai an sake kashe mana wuta sannan mu tuna da ita.