Tsufa Ba Aibi Ba Ne Ga Babbar Kwamfuta

Menfirem ita ce babbar kwamfutar da manyan bankuna da kamfanonin inshora da na jiragen sama da hukumomin haraji suke ɗora wa lissafin da ba ya jure kuskure. Ra'ayin da ya mamaye tarurrukan fasaha a yau shi ne wannan na'ura ta gama yayi, wai duk ma'aikatar da ke riƙe da ita ta makale a baya, kuma ci gaba shi ne a kwashe komai a mai da kan kwamfutocin haya na irin su Amazon da Microsoft. Ra'ayin ba daidai ba ne, ba kuma sabo ba ne. Tun a 1991 wani marubucin mujallar InfoWorld, Stewart Alsop, ya yi hasashen za a kashe menfirem ta ƙarshe ranar 15 ga Maris, 1996. Ranar ta zo ta wuce. A 2022 kamfanin IBM ya fitar da samfurin z16, a 2025 kuma ya biyo da z17.

Dalilin wannan tsawon rai yana cikin shawarar da IBM ya yanke lokacin da ya sanar da System/360 ranar 7 ga Afrilu, 1964. Kafin nan kowane samfurin kwamfuta da nasa tsarin umarni, duk wanda harkarsa ta bunƙasa ya sayi babbar na'ura sai ya sake rubuta manhajojinsa daga tushe. Gene Amdahl da Fred Brooks da abokan aikinsu suka tsara jerin na'urori, ƙanana da manya, masu bin umarni iri ɗaya. Aikin ya lashe kusan dala biliyan 5. Alƙawarin da aka yi wa mai saye shi ne abin da ya rubuta yau zai yi aiki gobe, kuma an riƙe alƙawarin. Babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar ta tashi daga OS/360 ta koma MVS, daga nan OS/390, sannan z/OS ta yanzu. An faɗaɗa adireshin ma'adana daga bit 24 zuwa 31, daga baya zuwa 64, ba tare da an rufe wa tsofaffin manhajoji ƙofa ba.

Masu suka suna ɗaukar wannan a matsayin tara tarkace. Ba su duba abin da ke cikin tarkacen ba. Manhajar banki da aka rubuta da harshen COBOL shekaru arba'in da suka wuce tana ɗauke da kowace doka da aka taɓa sauyawa: yadda ake lissafin kuɗin ruwa idan ƙarshen wata ya faɗo ranar hutu, abin da ake yi da asusun mamaci, inda ragowar ɗigon kuɗi yake zuwa bayan an raba. Yawancin wannan ba a rubuce yake ko'ina ba sai cikin manhajar, kuma miliyoyin hada-hada sun riga sun gwada shi. Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya zubar da ita ya sake rubutawa zai gano waɗannan dokoki ɗaya bayan ɗaya, a kan kuɗin jama'a.

Ita kanta na'urar an ƙera ta ne da tunanin cewa sassa za su lalace. Tana da ƙwaƙwalwar lissafi ta ajiya wadda ke karɓar aiki nan take idan wata ta sami matsala, manhajar da ke gudana ba ta ma sani ba. Ana sauya sashen wuta ko katin sadarwa tana cikin aiki. Tun 1994 tsarin Parallel Sysplex yake haɗa na'urori har 32 su yi aiki kan bayanai ɗaya, a ɗauke guda don gyara sauran su ci gaba. Zancen cewa ba ta jituwa da zamani ma bai tsaya ba, domin Linux yana gudana a kanta tun wajen shekarar 2000, gefe da gefe da z/OS, kowa a ɓangarensa.

A ɗaya hannun, ga abin da gaggawar ƙaura ta haifar. A Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa daga tsohon tsarin bankin Lloyds zuwa sabon tsarin bankin Sabadell. Mutane kusan miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu suka buɗe waya suka ga bayanan asusun wasu. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a watan Satumba, asarar ta kai kusan fam miliyan 330, hukumomi kuma suka ci bankin tarar sama da fam miliyan 48 a 2022. Ko ba ƙaura, sabon tsari na iya faɗuwa: ranar 19 ga Yuli, 2024, sabuntawa ɗaya mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, kamfanin jiragen Delta ya soke tashi kusan 7,000. Kwamfutocin Windows wannan kuskure ya taɓa, ba menfirem ba.

Menfirem tana da nata tabon. A 2012 kuskure wajen sabunta manhajar da ke jera ayyukan dare ya hana miliyoyin abokan hulɗar bankunan RBS da NatWest taɓa kuɗinsu na kwanaki. A 2020 gwamnan jihar New Jersey ta Amurka, Phil Murphy, ya fito yana neman masu sanin COBOL saboda tsarin biyan marasa aiki ya gaza. Amma duka biyun sakaci ne na mutane: an bar ƙwararru sun tafi ba a horar da magada ba, an hana tsarin kuɗin kulawa. Tsada kuwa gaskiya ce, haka nan dogaro da kamfani ɗaya, sai dai wanda ya gina komai a kan kwamfutocin Amazon shi ma ba ya fita cikin sauƙi.

Jama'a a Najeriya sun ɗanɗana irin wannan a ƙarshen 2024, lokacin da wasu manyan bankuna suka sauya manhajar da ke riƙe da asusu: kuɗi ya fita bai isa ba, ɗan kasuwa ya tsaya da kaya a hannu yana jiran alat. Ba menfirem aka bari a can ba, amma haɗarin ɗaya ne. Akwai ayyukan da suka dace da kwamfutocin haya, kamar shafin intanet da manhajar waya. Littafin asusun banki ba ya cikinsu sai an kawo hujja, kuma nauyin kawo hujjar yana kan mai son a sauya, ba kan na'urar da ta shekara sittin tana biyan albashi a kan lokaci ba.