Yukren: rumbun da ya kwana da yunwa

Manomin Gamu, cikin gundumar Gure, wanda ke shibka gero bisa rairayi, zai yi mamakin ƙasar Yukren. Tana gabashin Turai, arewa da Baƙin Teku. Faɗinta ya ɗara murabba'in kilomita 600.000, wato kusan rabin Nijar. Kogin Dinyefar ya raba ta biyu, ya ratsa Kiyef, babban birninta. Fiye da rabin ƙasar baƙar laka ce mai albarka, inda alkama, masara da sha'ir ke bunƙasa. Shi ya sa ake yi mata kirari da rumbun Turai.

Amma albarkar gona ba ta hana ta kwana da yunwa ba. A zamanin Tarayyar Sobiyet, Istalin ya tilasta wa manoma haɗa gonakinsu ƙarƙashin hukuma. A 1932 da 1933 aka bi gida-gida ana ƙwace hatsi, har da iri, alhali ana sayar da wani a ƙetare. Mutum fiye da miliyan 3 suka halaka, ba don fari ko fara ba.

Yukren ta sami 'yancin kanta ran 24 ga Agusta 1991. Kafin 2022, kusan kashi 10 cikin 100 na alkamar da ake fatauci a duniya daga can take fitowa. Da Rasha ta afka mata a Fabrairun 2022, jiragen ruwa suka tsaya cik a tashar Odesa. Farashin alkama da takin zamani ya hau, talakan Afirka ya ji a jikinsa. Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya sun shiga tsakani a Yuli, aka buɗe hanya, amma Rasha ta janye bayan shekara guda.

A nan akwai abin lura ga jahar Damagaram. A 2005, cimaka ba ta ƙare a kasuwanni ba. Tiya ce ta fi ƙarfin mai ƙaramin hali, wanda ya sayar da geronsa da arha a kaka, ya dawo nemansa da tsada a damana. Tarihin ƙasashen biyu ya nuna cewa yunwa ba daga sama kaɗai take saukowa ba: takan biyo hannun wanda ke riƙe da mabuɗin rumbu. Saboda haka bankunan cimaka na ƙauyuka sun cancanci kulawa, mabuɗinsu kuma ya zauna hannun manoma.