Albasar Bakin Buhu

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari dai in amayar da ita ko na samu sauƙi a raina. Maganar kuwa ta tallar finafinai ce. Ku lura da kyau, talla na ce, wato fostar nan da ake liƙawa a ƙofar shago, da kwalin kaset, da guntun nan mai waƙa da ake sakowa kafin fim ya soma, da kuma na yanzu, ɗan hoton da ke fitowa a fuskar waya yana kiran yatsa. Shi fim ɗin kansa malamai sun yi wa'azi a kai har muryarsu ta dushe, wasu sun faɗi gaskiya, wasu sun wuce gona da iri. Ni ban shiga sahunsu ba, domin ina kallo, kuma ba na ɓoyewa. Rigimata da mai yi mini gwanin abin da ba shi ne a cikin buhu ba.

Duk macen da ta tashi a ƙasarmu ta Tambuwal ta san buhun albasa. Idan marar tsoron Allah ne ya ɗura shi, za ki ga manya-manya jajaye a baki sai sheƙi suke yi, amma da kin zazzage sai ki tarar da ƙanana da ruɓaɓɓu a gindi. Sunan wannan aiki algus, kuma tun muna makarantar allo aka ba mu labarin yadda Manzon Allah (SAW) ya sa hannunsa cikin tsibin hatsin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya kuma tsawatar masa a kan ɓoye jiƙaƙƙen da ya yi. To ni a wurina mafi yawan fostar fim albasar bakin buhu ce, sai dai ita ba a taɓa kai mai ita gaban sarkin kasuwa ba.

Kafin a gane abin da nake nufi, sai an tuna wace ce mai sayen. A da can kallo na gidan sinima ne, ana nuna na Indiya da na Canis, kuma maza ke zuwa, domin matar aure ko 'yar mutunci ba ta doshi ƙofar wurin. A 1990 ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan fim ya bar fili ya shigo tsakar ɗaki. Wa ke cikin ɗakin da rana, maigida yana gona ko kasuwa? Mu ne. 'Yan kasuwar kaset na Bata da Ƙofar Wambai ba su yi karatun jami'a a kan wannan ba, amma sun gane shi sarai tun da wuri, sai suka juya bakin tallarsu kacokan zuwa ga matar da ke cikin kulle. Ku duba sunayen ma kawai. In Da So Da Ƙauna, wanda Ado Ahmad Gidan Dabino ya fara yi a littafi kafin ya zama fim. Gimbiya Fatima. Wasila. Sai kuma Ki Yarda Da Ni, daga littafin Bilkisu Funtuwa, wanda tun daga kalmar farko da ke yake magana. Ba aibata waɗannan nake yi ba, wasunsu na kalle su har sau uku. Ina nuna muku ne cewa tun daga suna an san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

To ita matar kulle yaya take zaɓen fim? Ba ta zuwa shago. Yaro take aikawa da kuɗin haya, shi kuma yaro abin da idonsa ya gani a bango shi zai kawo rahoto. Saboda haka sai aka tsara kwalin yadda ko ɗan shekara bakwai zai iya bayaninsa a numfashi ɗaya. Namiji a tsakiya ya sha shadda, mace a damansa tana kuka, wata a hagunsa ta ci kwalliya tana harara. Shi ke nan an gama ciniki. Yaro zai dawo yana haki ya ce, “Inna, akwai wani sabo, na kishiyoyi na, ɗaya na kuka!” Uwargidan da aka yi wa amarya wata uku da suka wuce, wadda ba ta da wanda za ta gaya wa abin da ke ranta, kuna jin za ta ce a bar shi? Ita mai kukan nan ai kanta ta gani. Amarya kuma ta ga kanta a mai kwalliyar. Budurwa ta ga angon da take mafarki. Hoto ɗaya ya kama gida guda, kowa da inda aka sosa mata.

Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Sun san mikin da ke jikinmu, sun san kishi, sun san zaman kaɗaici, sun san auren dole da gorin haihuwa da uwar miji mai baƙin hali, kuma a kan mikin suke kafa teburin ciniki. Da a ce in an shiga cikin fim ɗin za a samu maganin da aka yi alkawari, wato labari mai ma'ana da zai sa mace ta yi tunani ko ta ji sanyi, da ban ce uffan ba. Mai magani ma ai kirari yake yi wa garinsa a tasha. Amma sau nawa aka cika alkawarin?

Sai waƙa, wadda ita ce babban ƙugiyar. Waɗanda suka yi wayo a 1999 ba su manta da Sangaya ba, na kamfanin Sarauniya, inda Fati Muhammad ta fito a Zubaina tare da Ali Nuhu. Tallarsa mai waƙa da rawa ta riga shi isa ko'ina. Kafin a ga fim ɗin 'yan mata sun haddace waƙar, ana yin ta a bakin rijiya da wajen daka da gidan biki, ranar da kaset ya fito kuwa sai rububi. Shi Sangaya yana da labarinsa, ba a cuci kowa ba. Illar ita ce darasin da 'yan kasuwa suka ɗauka daga gare shi, cewa waƙa ke sayar da fim. Daga nan sai aka koma ana fara yin waƙa a situdiyo da fiyano, a yi mata rawa a gindin fulawa, a sako ta a matsayin talla a farkon wani kaset, sannan daga baya a nemo ɗan labarin da za a rataya mata. Ki sayi fim saboda waƙar da kika ji, ki tarar waƙar ita ce naman, sauran duk romo ne.

Bari in ba ku abin da ya faru a gabana. Ina da ƙanwa da aka kai aure Kebbe, a shekarun da kaset ke tashe. Na je mata kwana biyu, na tarar tana ta ɗokin wani fim da ta ga tallarsa. “Yaya,” in ji ta, “wanga fim kam sai mun gane shi, wance ta a ciki, kuma an ce kishiya tat tura ta rijiya.” Ba zan faɗi sunan fim ɗin ba, ba kuma zan faɗi sunan 'yar wasan ba, don mai yiwuwa ita ma ba ta san abin da aka yi da fuskarta ba. Yarinyar nan daga kuɗin adashinta ta cire, na ƙuli-ƙulin da take soyawa, ta ba wani direba saƙo ya sayo mata daga Tambuwal. Da dare aka sayi fetur aka tada janareto, matan maƙwabta suka cika ɗaki har da masu goyo. Aka sha tallar wasu finafinan ta kusan rabin sa'a. Da fim ya soma muka yi ta zuba ido, tauraruwar da ta cinye rabin kwalin ba ta fito ba sai can wajen ƙarshe, ta yi sallama, ta zauna, ta yi magana uku. Rijiya kuwa ko guga ba mu gani ba. Ana cikin haka sai rubutu ya hau allo, wai mu haɗu a kashi na biyu. Ɗakin ya yi tsit, sai wata tsohuwa ta ce, “To mi munka kallo?”

Da na koma gida na bi ta shagon da aka sayo shi, na ce da mai shagon, Malam, wannan ai zalunci ne. Ya yi dariya ya ce, “Hajiya, ba ni niy yi shi ba, haka anka kawo muna shi. In kina son rijiya ki sai na biyu.” Kun ji fa. Kashi na biyun ma ashe wata dabarar ce, a yanka labarin da bai kai kaset ɗaya ba gida biyu ko uku, a tsaya daidai inda zuciya ta rataya.

A 2001 gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai, bayan hayaniyar da ta biyo ƙaddamar da shari'a, kuma a 2007 aka sake matsa wa 'yan fim lamba ƙwarai. Duk surutun da na ji a waɗannan shekaru a kan rawa ne da sutura da cuɗanyar maza da mata, kuma a ƙarshe laifin a kanmu yake sauka, wai mata ne ke ɓata tarbiyyar gida da kallo. Ban taɓa jin wanda ya hau mumbari ya ce a mayar wa matar Kebbe kuɗin ƙuli-ƙulinta ba. Ashe tauye mudu a kasuwar hatsi ne kaɗai yake haramun?

Akwai kuma wata ɓarnar da fosta ke yi a ɓoye, ita ce ta fuska. Ku lura da hotunan nan, kowace mace fara sol kamar an wanke ta da madara, alhali wasunsu mun gan su a cikin fim ɗin baƙaƙe ne kyawawa irinmu. Na'ura ce ta goge su. 'Yar shekara goma sha biyar ba ta san haka ba, ita dai ta ga wadda ake so fara ce, sai ta tara kuɗin tallarta ta sayi man bilicin. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan waɗannan mayuka, domin wasunsu na ɗauke da sinadaran da ke ƙona fata su taɓa ƙoda. Ɗinkin da ake kai wa tela hotonsa a ce a yi irinsa, wannan da sauƙi, atamfa ce kawai ke tafiya.

Wata za ta ce ai wannan duk tsohon zance ne, kaset ya mutu, faifan CD ma ya bi shi. Haka ne, amma buhun ne aka sauya, albasar tana nan yadda take. Yanzu fim a waya yake, ko a tura miki a katin memori a shagon masu caji, ko ki sa data ki hau YouTube. An kuma koma masu dogon zango, musamman daga 2020 da Izzar So ya fito a YouTube, Labarina na Aminu Saira kuma a tashar Arewa24. Waɗannan an san masu su, an san ranar fitarsu. Amma a gefensu akwai tarin tashoshi marasa fuska da ke kwaso tsohon fim na shekara goma, su sauya masa suna, su rubuta “sabon fim” da shekarar da ake ciki, su haɗa hoton da babu shi a ciki ko kaɗan, mace da wuƙa, ko amarya a kan gadon asibiti, da rubutu ja mai cewa abin da ta yi wa kishiyarta zai ba ki mamaki. Dalilin a fili yake, YouTube na biyan mai tasha gwargwadon kallon da aka yi da tallar da aka gani, saboda haka shi buƙatarsa ki taɓa. In kin taɓa ya ci, ko kin ji daɗi ko kin yi tsaki.

Na san amsar da za su bayar. Za su ce ba wanda ya tilasta miki, kuma ai kyauta ne. Ina kyautar take? Datar da ta ƙare cikin dare ɗaya daga kuɗin cefane ta fito, ko daga ribar fura, kuma cajin wayar ma biya ake yi. Za su kuma ce masu satar fasaha sun karya su, dole su yi dabara. Wannan gaskiya ne, an cuce su, na kuma tausaya musu. To amma wanda ɓarawo ya shiga rumbunsa ba a ba shi izinin ya tauye wa maƙwabciyarsa mudu ba. Mu ma da namu laifin, ban wanke mu ba, domin an yi mana sau goma mun koma na sha ɗaya, kuma mu ke tura wa juna hotunan a WhatsApp tun ba mu kalla ba.

Abin da nake nema a wurin masu sana'ar nan bai taka kara ya karya ba. Wadda aka sa a hoto ta kasance tana cikin fim ɗin da gaske, abin da aka nuna ya faru a ciki, a rubuta shekarar da aka yi shi, a kuma faɗa tun farko kashi nawa ne. Ni dai a gidana na kafa doka, ba a sa data saboda hoto sai mun samu wadda ta kalla har ƙarshe ta ba mu labari da bakinta. 'Ya'yana suna cewa na cika tsanani, ina jin su.

Ƙanwata ta Kebbe kuwa ba ta sayi kashi na biyun ba. Da na je sunan jikarta na ga kwalin yana nan a kan kabad, hoton ya koɗe, a ciki take ajiye allura da zare.